Tafiya Wonaka da motar da aka ƙara wa tsawo

Wonaka tana cikin Ƙaramar Hukumar Gusau. A takarda ke nan, mutumin Wonaka da mutumin Tudun Wada ko Sabon Gari ciyaman ɗaya gare su, kuma babban birnin jiha shi ne hedikwatar ƙaramar hukumarsu. Wanda ya karanta haka yana zaune a Kano ko Kaduna zai ɗauka wata unguwa ce a bayan gari. Alhali gari ne na manoma can gabas da Gusau, ta ɓangaren da Zamfara ta jingina da dazukan da suka haɗa ta da Jihar Katsina. Mai zuwa daga Gusau yakan bi titin Funtuwa, ya ratse a Kwatarkwashi ta Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, inda dutsen nan ya yi wa gari rumfa, ya nufi Mada, daga nan ya miƙe Wonaka. Mai tahowa daga Zariya kuwa sai ya ratsa Tsafe tukuna. Daga garin zuwa ƙauyuka da gonakin da ke kewaye da shi, hanya ita ce abin da ƙafar mutum da ta shanu da tayar babur suka shata. Da rani rairayi ne da ƙura. Idan ruwan Agusta ya zauna kuma, laka ce mai danƙo da rafukan da ba su da kwalbati.

Wani abokina ɗan kasuwa, wanda aka haifa a yankin amma harkokinsa suke Kano, yana da gonar gado a ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka, inda ake noma masa waken suya da dawa. Ya sayi Land Cruiser sabuwar yayi, wadda kamfanin Toyota ya fitar a 2021, ya kuma ƙuduri aniyar sai ya shiga da ita har bakin gonarsa da tsakiyar damina. Saboda haka ya kai ta wani gareji a Kano aka yi mata aikin da ya ɗauki makonni. Na halarci wani ɓangare na aikin, kuma da ni aka yi tafiyar.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda motar take tun kafin a taɓa ta, don kada a ɗauka raguwa ce aka yi wa magani. Nauyinta ya kai kimanin tan biyu da rabi. Injinta mai silinda shida ne da turbo biyu, giyarta goma, kuma ƙafafunta huɗu duk suna ja. Tsakanin cikinta da ƙasa akwai wajen santimita 23, masu ita kuma sun ce za ta ratsa ruwan da zurfinsa ya kai santimita 70. Zuriyarta ta faro ne tun 1951 a matsayin motar aikin daji, sai a hankali aka yi ta lulluɓe ta da kujerun fata da na'urar sanyaya wuri da allunan kallo har ta zama motar gwamnoni da sarakuna. Aikin da ake yi a irin wannan gareji, idan aka duba da kyau, ƙoƙari ne na mayar da ita abin da kakanninta suke.

Da taya aka fara, kuma bakaniken ya ce da Alhaji zai tsaya a nan da ya gama kashi mafi amfani na aikin. Manyan samfuran motar suna zuwa da rim mai inci 20 da siririyar roba, abin da ke da kyan gani a ƙofar ɗakin taro. Dutse ɗaya mai kaifi ya isa ya tsaga gefen irin wannan taya ko ya lanƙwasa rim. Aka sauke su aka sa rim mai inci 18 da taya mai kaurin gefe da manyan haƙora. Fa'idar ba a haƙoran kaɗai take ba. Taya mai yalwar gefe ana iya rage mata iska, a sauko da ita daga geji 35 zuwa wajen 20, ta baje a kan rairayi kamar tafin raƙumi, maimakon ta yi ta haƙa wa kanta rami.

Sai aka canza safirin da shokozoba, aka ɗaga jikin motar da inci biyu, wato santimita biyar. A nan ne na koyi abin da yawancin masu biyan kuɗin wannan aiki ba su sani ba. Bakaniken ya durƙusa ya nuna mana tulun ƙarfen nan da ke tsakiyar aksil na baya, ya ce: "Alhaji, ko inci goma muka ɗaga bodi, wannan yana nan inda yake. Taya ce kawai take ɗaga shi, ita ma rabin abin da ta ƙaru." Ma'ana, idan faɗin sabuwar taya ya ɗara na tsohuwa da santimita huɗu, biyu kacal aka samu a ƙasa. A hanyar da manyan motoci suka yi wa kwari biyu da tudu a tsakiya, wannan tulu ne yake fara zama a kan tudun, tayoyi su koma juyawa a banza. Ɗaga jiki yana hana gaba da baya dukan ƙasa wajen shiga rafi da fita, amma yana da farashinsa: mota mai tsawo ta fi saurin tangaɗi a kwana, kuma a kan kwalta, inda za ta yi kusan duk rayuwarta, kwana da gudu su ne masu kisa.

Aka cire bambar roba aka ɗaura ta ƙarfe, aka dasa injin ja mai igiya a cikinta, aka shimfiɗa faranti a ƙarƙashin inji da tankin mai. Wannan ma ya zo da nasa rikicin, domin a gaban motocin yanzu akwai na'urorin da ke hango abin da ke gabansu su taka birki da kansu, kuma sai da aka yi kwanaki ana daidaita su da sabuwar bambar. Daga ƙarshe aka huda gefen motar aka hau da bututun shaƙar iska har saitin rufi. Shi ne abin da ya fi ɗaukar ido, yara ma a titi shi suke nunawa. Yana hana inji shan ruwa, gaskiya ne, sai dai ba ya hana ruwa shiga wayoyi da ƙananan kwamfutocin da ke ƙarƙashin kujeru. A ƙasarmu babban amfaninsa shi ne da hunturu, lokacin da mota take bin bayan wata a cikin ƙura, ta riƙa jan iska daga sama inda ta fi tsabta.

Magana ɗaya ce suka yi jayayya a kanta, ita ce ta sulke. Alhaji ya so a sa, kuma babu wanda zai zarge shi idan ya san hanyar Tsafe. Ana yin wannan aiki a ƙasar nan, akwai kamfanin Proforce a Ode-Remo ta Jihar Ogun, wanda kuma zai shigo da mai sulke daga waje sai ya nemi takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Matakin da aka fi nema, wanda ake kira B6, yana tare harsashin AK-47, da gilashi mai kaurin kusan santimita huɗu. Amma ƙarfe da gilashin suna ƙara wa mota ɗaruruwan kilo, wani lokaci su doshi tan guda. Bakaniken ya ce masa: "Ranka ya daɗe, ka zaɓi ɗaya. Mai sulke ta kwalta ce, tana son ta yi gudu ta fice. Idan ka kai ta laka nutsewa za ta yi, kuma wanda ya kafe a daji sulke ba ya fitar da shi." Ya bar maganar. Tun bayan abubuwan fashewar da aka binne a hanyar Gusau zuwa Ɗansadau a Disambar 2024 ma, masu wannan lissafi sun san haɗarin ba ta taga kaɗai yake zuwa ba.

Mun bar Gusau da hantsi, domin babu mai hankalin da yake sammako ko yammaci a waɗannan hanyoyi, sai an ji labarin waɗanda suka fara wucewa. Ƙasar ta yi kore shar, dawa ta kai ƙirji, wake ya rufe kunya. Wanda ya san Zamfara ta labaran rediyo kawai zai yi mamakin irin albarkar da ke shimfiɗe tsakanin Kwatarkwashi da Mada. Zai kuma lura da wani abu idan yana da idon noma: gonakin bakin hanya da na kusa da gari an nome su tas, amma da zarar ido ya yi nisa sai ya fara cin karo da saura, filayen da ciyawa ta cinye saboda masu su ba sa iya zuwa. A Wonaka muka gaisa da dangi, muka ɗauki wani saurayi ɗan ƙanen Alhaji da zai nuna hanya, muka sauka daga abin da za a iya kira titi.

Ba zan rage wa motar komai ba, ta yi abin da aka biya kuɗi ta yi. Ta bi ta cikin taɓon da ya kai rabin taya tana gurnani ƙasa-ƙasa, mu kuwa muna ciki sanyi yana kaɗa mu, kofin shayin Alhaji ko fantsama bai yi ba. A rafi na farko direba ya tsaya. Saurayin nan ya naɗe wando, ya karɓi sanda, ya shiga ruwan yana dogarawa, ya karkata hagu inda ya san akwai tsakuwa, ya ɗago mana hannu. Ta nan muka bi. Taku kaɗan a dama, in ji shi, akwai ramin da ruwan makon jiya ya haƙa, wanda zai haɗiye gaban motar da bututunta. Duk allunan da ke gaban direba, har da mai nuna hoton ƙarƙashin mota, babu wanda ya san da wannan rami.

A rafi na biyu muka tarar da wata Golf ta kafe, fasinjojinta sun fito, maza suna turi, mata sun koma gindin wata ƙirya da kayansu. A nan aka warware igiyar injin ja, karo na farko, aka fizgo ta cikin minti biyar. Yayin da ake ta godiya ni kuma na zagaya ina kallon Golf ɗin, domin a ganina ita ce ainihin motar da aka gyara don daji. Irin ta farkon shekarun 1990 ce, wadda aka ƙera don magidancin Jamus da iyalinsa. An canza mata safirin na baya da wasu masu tauri, an cusa roba a tsakaninsu har bayanta ya ɗaga sama kamar fara. Mai walda ya liƙa mata faranti a ƙarƙashin kaskon man inji, an ɗaure salansa da waya an matse shi sama. A but akwai shebur da guntun katako da jarkar ruwa. Mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, buhuna a but da murfinsa a buɗe. Duk abin da ya lalace a jikinta akwai mai gyara shi a Mada, kayan kuma ana samunsu a Ƙofar Ruwa ko Panteka da kuɗin da direba zai iya haɗawa a mako. Tamu kuwa da wata fitila za ta kama a allonta, sai an nemo mai kwamfuta daga Kano ko Abuja, kuma injinta ba ya wasa da man 'yan bumburutu.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce a wurinmu. Dattawa suna tuna akori-kurar Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya buɗe a 1975, shekarar da 504 ta lashe tseren Safari na Kenya. Ƙarin safirin da ake yi mata shi ake yi wa kanta a yau, ta ɗauki lodin da ya ninka abin da aka rubuta mata. Makanikan tasha ba su karanta littafin kowa ba, hanya ce take gaya musu inda ƙarfe yake karyewa, su ƙara masa kauri.

Mun isa ƙauyen bayan azahar. Yara suka kewaye motar, manya kuwa suka tsaya nesa-nesa, gaisuwarsu a taƙaice. Kawun Alhaji, dattijon da ke kula da gonar, ya shigar da mu zaure, aka kawo fura. Bai bari mun gama sha ba ya ce a juya kan motar, a kai ta bayan rumbuna. Sannan ya dubi ɗan 'yar'uwarsa ya ce: "Ɗana, mun gode da zumunci, Allah Ya yi albarka. Amma wagga mota kada ta sake zowa nan. Kai za ka koma Kano, mu muna nan kwana. Kafin la'asar an san gidan da ta tsaya."

Alhaji ya ce: "Kawu, ai don in riƙa zuwa a kai a kai na gyara ta."

Dattijon ya ce: "To ka zo bisa kabu-kabu, da tsohuwar riga."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A yankin da ake ɗora wa ƙauyuka harajin noma da na girbi, ake kuma auna kuɗin fansa da abin da ake zaton dangin mutum sun mallaka, mota irin wannan sanarwa ce. Ta shaida wa duk mai ido cewa gidan nan suna da wani a birni, kuma ba a rasa mai kai labari daji. Ba mu kai ga ganin gonar ba. Muka yi sallah muka juyo, saurayin nan ma a bakin gari ya sauka, ya ce gara ya ƙarasa da ƙafa.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin babur. Wanda yake iko da dajin nan ba shi da motar miliyoyi. Babur gare shi mai nauyin kilo ɗari da 'yan kai, ya ɗauki mutum uku da makamansu, ya bi ta tsakanin kunyoyi da sawun shanu, idan ya iske rafi a ɗaga shi a tsallaka. Hukuma ma ta san haka. Matakan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita zirga-zirgar babura, duk ƙoƙari ne na datse wa wannan babur mai da hanya. Sai dai shi ne kuma abin hawan manomi da malamin makaranta da mai naƙuda, don haka kowa ya ɗanɗana. A Chadi a 1987, dakarun Hissène Habré sun fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum da ƙananan motocin Toyota marasa sulke, har aka sa wa yaƙin sunan motar. Sauƙin nauyi da sanin ƙasa ne suka yi musu aiki, kuma a dazukanmu waɗannan biyun suna hannun mai babur. Shi kansa tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya faro a ƙarshen 1978 yana ratsa Agadas, wanda kuma daga irinsa ne masu kuɗi suka ɗauko sha'awar bututu da bambar ƙarfe, barazanar tsaro a Muritaniya ce ta sa aka soke shi a 2008. Ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Motocinsu ba su gaza hawa tudun rairayi ba.

Abokina da kuɗinsa ya yi, kuma niyyarsa ta zumunci ce da noma, ba ni da abin cewa a kansa. Inda nake da magana shi ne inda ake yin irin wannan lissafi da kuɗin jama'a. A Oktobar 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin fetur, aka yi ta ce-ce-ku-ce kan manyan motocin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya. Jaridu sun ruwaito cewa kowace ɗaya ta 'yan Majalisar Wakilai 360 ta kai Naira miliyan 160, jimilla biliyan 57.6. Da Sanata Sunday Karimi, shugaban kwamitin hidimomin Majalisar Dattawa, ya tashi kare sayayyar, cikin hujjojinsa har da lalacewar hanyoyin ƙasar nan. Hujjar gaskiya ce, hanyoyin sun lalace. Amma wanda ke riƙe da alƙalamin kasafi idan ya sayi motar da ba ta jin rami, ya cire kansa daga cikin masu jin zafin ramin, kuma shi ne mutum ɗaya da jin zafinsa zai iya zama kwalbati. Rafukan nan biyu da muka tsallaka ba gadar Neja suke buƙata ba. Ko Turawan mulkin mallaka, da ba don ƙaunarmu suka zo ba, sun gane cewa amfanin gona ba ya da daraja sai ya fita, shi ya sa suka ja layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga. Hanya mai kyau ita ce kuma take kawo motar jami'an tsaro cikin minti ashirin maimakon awa biyu, ko da yake mutanen yankin za su ƙara da cewa sai idan an turo ta.

Da kaka ta yi, na tambayi Alhaji labarin gona. Ya ce ya je sau biyu. Yakan bar motar a wani gida a Gusau, ya shiga Golf zuwa Mada, ya hau kabu-kabu daga can, da hular da ta koɗe da silifas. Waken suyan ma a kan babura aka fito da shi, buhu biyu-biyu, ana biyan kowane sawu, har aka tara abin da zai cika kanta a inda kanta take iya zuwa. Motar kuwa tana Kano. An yi rakiyar amare da ita sau uku, kuma direban ya ce tayoyin nan masu haƙora suna da ƙara a kan kwalta, ga shan mai, yana so a mayar da na asali.